Bahagon Noti a Motar Malam

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce. A kaina ya faru, da rana tsaka, a tsakar gidana da ke Bukan Sidi a garin Lafiya, kuma a gaban surukai.

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ba, ko da tsufa zai kai ni in riƙa neman ɗankwalin da ke kaina. Amma kafin mu kai Alhamis, sai na fara ba ku labarin mota.

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, bakanike ne. Ban kama sunansa yana raye ba, ba kuwa zan kama yanzu ba. Malam nake ce masa, 'yan unguwa kuma Baban Gareji. Yana saurayi ya yi wa wani Bature mai sayen riɗi tuƙi. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa motar da akwatin sifanoninta. Baƙar mota ce ƙirar Ingila, mai dogon hanci, bonet ɗinta kuma ta gefe biyu ake ɗagawa, kamar kaza ta buɗe fukafukai za ta rufe 'ya'yanta. Ta riga ni shiga gidan nan. Ranar da aka kawo ni, ita ta fara yi mini kallon baƙuwa da manyan fitilunta.

Malam ya gyara motocin mutanen Lafiya ba iyaka, amma wannan ba ya barin kowa ya sa mata hannu. Duk ƙarshen wata sai ya buɗe ta a tsakar gida. Shi yakan tsaya gefen mangwaro, inda inuwa take, ni kuma gefen katanga, inda rana take, riƙe da faifai, sifanoni a jere a kai, inji a tsakaninmu. Shekara arba'in da 'yan kai muna haka. Ni ban yi boko ba, lambar da ke jikin sifana da sawun kaza duk ɗaya ne a idona. Saboda haka Malam ya raɗa musu suna. Akwai Gajere. Akwai Gwauro, mai baki ɗaya tal. Akwai Wuyan Zalɓe, wanda ya lanƙwashe don shiga lungu. Akwai Wawulo da leɓensa ya ɗan ɓantare, sai kuma babbansu, Sarkin Yaƙi. In ya ce, “Miƙo Gwauro,” sai in miƙa. Daga baya ma ba sai ya buɗe baki ba, in na ga inda hannunsa ya nufa na san wanda yake so.

(Ku riƙe wannan da kyau: miƙawa nake yi. Ban taɓa kwance noti ko ɗaya da hannuna ba. Amma wadda ta daɗe tana riƙe wa wanzami ƙaho, wata rana sai zuciya ta raya mata ita ma ta iya tsaga.)

Jikata Rakiya a hannunmu ta tashi, uwarta ta rasu tana goye da ita. A cikin motar nan ta koyi zama, a kujerar baya take cin tuwonta, in ta yi laifi can take ɓuya. Malam yakan tsokane ta ya ce, “Amaryata, ranar da za ki guje ni ki auri wani, ni da kaina zan kai ki a motar nan, in ga wanda ya fi ni.” Allah bai nufa ba. Ya rasu shekara tara kafin bikinta. Muka ɗora motar a kan duwatsu, muka lulluɓe ta da tamfol, kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai.

Sifanoni kuwa, to, ƙarfe ba ya zaman banza a hannun mace mai gida. Sarkin Yaƙi ya zama sakatar garken awaki. Gwauro da shi nake fasa ƙwarar kwakwa. Gajere ya koma danne murfin tukunyar alale. Wuyan Zalɓe na ɗaura masa igiya na rataye a bakin rijiya, da shi ake ƙwaƙulo guga in ta faɗa. Wawulo kuma maƙwabciyata Maman Doshima ta ara. 'Yar Tibi ce mai sayar da doya, da shi take danne bakin tamfol ɗinta kada iska ta yaye. Shekara talatin muna katanga ɗaya da matar nan, babu abin da bai wuce ta kan katangar ba, daga gishiri har gulma.

Sai ga auren Rakiya ya zo. Wani ɗan Adogi ne, Haruna, malamin gona, ya kama gida a Shabu. Aka sa ranar Asabar za a kai amarya. Ana saura mako guda ta zo ta durƙusa gabana ta ce, “Kaka, ba na neman makaɗa, ba na neman gado mai madubi. Abu ɗaya nake so. A kai ni a motar Baba.”

Na ce, “Ke, motar da kaji suka yi jikoki a cikinta?”

Ta ce, “Ya yi mini alkawari.”

Na ce, “Shi ya yi, ba ni ba.”

Ta ce, “Ai ke kika gaje shi, har da alkawarin.”

Yarinyar nan tunda take ba ta taɓa roƙona komai ba, ko sisin kwalli. Na ce mata in Allah ya yarda ranar Asabar motar kakanta za ta sauke ta a ƙofar mijinta.

Ranar Litinin da safe aka kawo mana Oga Ayuba, mutumin Egon, dattijo da furfura a gemu, wanda aka ce duk Lafiya babu injin da ya taɓa gagararsa. Ya zo a mashin da akwatin kayan aikinsa, ya yaye tamfol, ya kori kaji, ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallo kamar wanda ya buɗe kabarin mutanen da. Can ya ɗauko sifana ya ɗora a kan noti, ta ƙi shiga. Ya ɗauko wadda ke binta, ta shiga tana rawa kamar ƙafar jinjiri a takalmin ubansa. Ya juye akwatinsa kaf a ƙasa, ya gwada wannan, ya gwada waccan. Gumi ya fara tsattsafo masa.

Ya ce, “Mama, wannan mota akwai matsala. Sha uku ya yi ƙarami, sha huɗu ya yi babba. Na gwada na inci, shi ma bai zauna ba. Wannan ba sayis ɗinmu ba ne. In na fosa shi, zan cinye kan noti. Babu sifana da ya zo tare da motar?”

Jama'a, da kun ga tashin da na yi daga kan kujera. A hankali na tashi, kamar wadda aka kira ta raba gardamar gado. Na bi gida ina tattaro su. Na zare Sarkin Yaƙi, awaki suka fita suka shiga lambun mutane, ban ko waiwaya ba. Na ɗauke Gajere daga kan tukunya, alale ta yi abin da ta ga dama. Na leƙa ta katanga na ce Maman Doshima ta maido mini da Wawulo. Ta kawo shi da kanta, don ta ga abin da ake ciki, daga nan kuma ba ta koma ba.

Oga Ayuba ya goge Gajere da tsumma, ya kai shi kusa da ido, ya ce, “An rubuta kwatan inci, amma bakinsa ya fi rabin inci. Wane irin lissafi ne wannan?”

Na gyara murya na ce, “Malam ya ce Baturen Ingila ba kan noti yake aunawa ba. Kaurin ƙarfen da notin ke hawa, shi yake aunawa.”

Ya ɗora Gajere a kan notin. Ya zauna daram, kamar hular da aka ɗinka don kan. Ya juya, notin ya biyo shi ba gardama. Oga Ayuba ya ɗago ya dube ni, wani irin kallo da ba a taɓa yi mini ba tun ina budurwa. A nan ne shaiɗan ya fara yi mini kirari a kunne.

Talata ta zo, na ƙara haskawa. Zai zubar da tsohon baƙin mai, ya shiga ƙarƙashi ya tarar da toshiyar mai kusurwa huɗu ce, ba shida ba. Yana laluben filaya na ce, “Ajiye wannan, aikin Gwauro ne.” Haka kuwa aka yi. Ya kai kan wani noti da datti ya lulluɓe, zai murɗa, na ce, “Tsaya. Wannan mai rawani ne, kansa giɓi-giɓi yake. Akwai siririyar waya da ta ratsa ta cikinsa, ta buɗe ƙafafu a baya. Haɗe ƙafafun ka zare ta tukuna.” Ya kankare, sai ga waya. Ya je kan waɗanda ke riƙe da bututun hayaƙi, na ce masa ya bi su da lallashi, na tagulla ne, taushi gare su kamar sabulu. Wanda ya ɓuya a bayan kafireto kuwa, inda hannu ba ya kaiwa, na miƙa masa Wuyan Zalɓe tun bai tambaya ba.

Ya ce, “Mama, kai injiniya ne. Inda kai ya je makaranta, da mu ba za mu ci abinci ba.”

Na ce, “Haba, ɗan abin da ido ya gani ne.” A baki ke nan. A ciki kuwa kaina ya kumbura har ɗankwali ya fara matse ni.

Maman Doshima ta ɗauki labari ta kai kasuwar doya. Kafin la'asar mata na shigowa gida wai sun zo ɗiban wuta, gidajen da na san da gas suke dafuwa.

Ranar Laraba aka sa sabbin tayoyi da batir, aka zuba mai. Oga Ayuba ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau uku irin na tsohon da ya sha taba, ta yi atishawa, ta tofar da baƙin hayaƙi da gashin kaza, sai ta kama. Muryar nan da na shekara tara ban ji ba ta cika gida. Rakiya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska tana kuka, ni ma na juya baya ina gyaran ɗankwalin da bai karkace ba. Sai dai da ta ɗan yi zafi, aka ga ruwa na ɗiga daga bayan fanka. Oga Ayuba ya duba ya ce fatar da ke tare ruwa ce ta bushe, sai an cire fanka an canja ta. Ya ce ƙaramin aiki ne, gobe kafin la'asar an gama.

To, ga Alhamis.

Da hantsi sai ga surukai daga Adogi sun kawo doya da shinkafar biki. Shugabansu Alhaji Ari ne, yayan mahaifin ango, babban manomi, mutum mai nauyin baki. Labarin tsohuwa injiniya ya riga ya kai musu, suka ce ba za su koma ba sai sun gani. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro.

Tsohuwa mai hankali, in surukai suka zo, gaisawa take yi daga bakin ƙofa ta koma ɗaki. Ni ma na koma ɗaki. Na ɗauro atamfar da na ajiye don ranar Asabar, na buɗe adaka na ɗauko tabarau ɗin Malam na maƙala a hanci. (Ba na ganin komai da shi sai hazo. Amma ban taɓa ganin injiniya ba tabarau ba.) Na fito ina takawa ɗai-ɗai. Ban nufi gefen katanga ba, ina, wannan wurin 'yan miƙo-miƙo ne. Na wuce kai tsaye gefen mangwaro, dab da surukai, na ɗora ƙafa a kan dutsen da Malam ke ɗora tasa. Faifan sifanoni kuwa na miƙa wa Maman Doshima na ce ta je can rana ta riƙe.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Hajiya, yau ni ne yaronka?”

Na ce, “Riƙe dai, kina ƙaruwa da ilimi.”

Oga Ayuba ya riga ya sauke lagireto, tankin ruwan da ke gaban inji, yana tsaye a gaban mota, fanka na fuskantarsa. A tsakiyar fankar akwai wani ƙaton noti, tsatsa da tsohon giris sun yi masa riga. Ya waiwayo ya ce, “Mama, wanne?”

Ban ko dubi faifan ba na ce, “Sarkin Yaƙi.”

Ya ɗora, ya zauna daram. Na ji Alhaji Ari a bayana yana cewa, “Ikon Allah. Ba ta ko auna ba.”

Oga Ayuba ya tsai da wutsiyar sifanar sama, ya tura ta wajen mangwaro, yadda ake kwance kowane noti. Shiru. Ya ƙara turawa, shiru. Ya saki ya goge hannu.

Ya ce, “Mama, wannan noti ban yarda da shi ba. Ina jin bahago ne. Akwai irin su a tsofaffin inji, wanda hanyar ɗaure na kowa shi ne hanyar kwance nasa. Bari in jiƙa shi da kananzir ya kwana. Gobe da safe in kankare, in ga yadda tiredi, wato zaren da noti ke bi, ya kwanta, sannan in taɓa.”

Maganar hankali ke nan. Da na yi shiru, da Juma'a da safe an gama, da ba ku zaune kuna jin wannan labari. Amma ga surukai a bayana sun yi tafiya tun daga Adogi, ga mata a bakin ƙofa, ga tabarau a hancina. Kuma wallahi ba ƙarya na shirya ba, na tuna abin sarai. Na rufe ido na ga Malam ya sunkuya kan fankar nan, ya ce, “Kau da fuskarki,” ya tura Sarkin Yaƙi, wutsiyarsa ta taho wajen hancina, noti ya saki. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Na ce, “Ayuba, notin nan an kwance shi a gabana tun kana tsotson yatsa. Wajena yake tahowa. Turo shi wajena.”

Ya ce, “Mama, wajenki ne na tura yanzu, ya ƙi.”

Na ce, “Tsatsa ce. Sa masa bututu.”

Ya ce, “Mama, in bahago ne fa, ɗaure shi muke yi.”

Na sauke tabarau kan karan hanci na dube shi ta sama, na ce, “Gwauro wa ya nuna maka? Waya a cikin mai rawani wa ya gaya maka? Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.”

(Yaron nan fa yana da jikoki huɗu.)

Alhaji Ari ya sa baki ya ce, “Oga, bi maganar manya. Su suka san asalin abin.”

Oga Ayuba, bawan Allah, ya sake duban notin. Kwana uku ina faɗa yana tabbata, da wane baki zai musa mini a gaban baƙi? Ya ɗauko dogon bututun ƙarfe ya zura a wutsiyar Sarkin Yaƙi, ya yi addu'arsa da yarensu, ya jingina ƙirji ya tura wajena.

Ya ce, “Mama, yana ƙara tauri.”

Na ce, “Alamar zai saki ke nan. Ƙara.”

Ya ƙara. Notin ya ɗan motsa. Na juya wajen surukai ina murmushi na ce, “Kun gani?”

Sai ji muka yi ƙas.

Ba ƙara mai yawa ba ce, kamar an karya busasshen rake. Oga Ayuba ya tafi luu da bututu sai da ya dafa mangwaro. Notin ya faɗo ƙasa ya gangara, da guntun ƙarfen da yake kai a maƙale cikinsa, ya je ya tsaya daidai gaban tabarmar Alhaji Ari. Fanka ta sunkuyar da kai, ta yi jim, sannan ta zame ta faɗi a kan ƙafata.

Ko akuya ba ta yi kuka ba.

Na ce, “To, ƙarfen Bature ma ai yana tsufa.”

Sai Maman Doshima, daga can rana, da faifai a hannu, ta ce a hankali kamar mai tambayar hanya, “Hajiya, lokacin Baba, ba nan inda nake ne kake tsayawa ba?”

Jama'a, na dubi katanga. Na dubi mangwaro. Na dubi ƙafata a kan dutsen Malam. Gaskiya ne wajena sifanar ke tahowa, shekara arba'in wajena take tahowa, amma wajena a lokacin katanga ce. Na haye wurin mai gida da ƙafafuna, na bar hankalina a wurin mai miƙo faifai. Duk ƙarfin da bawan Allah nan ya sa, ɗaure notin yake yi, da umarnina, har wuyan ƙarfen ya tsinke.

Oga Ayuba ya ɗauki notin, ya wanke da kananzir, ya kankare da wuƙa. Sai ga 'yan tsage-tsage a kan kowace kusurwa. Ya nuna wa Alhaji Ari ya ce, “Ka ga alamar, Alhaji. Duk noti mai wannan zane, bahago ne. Shi nake so in duba gobe.” Bai dube ni ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Ni kuwa, da nake Babarbariya, na san tsagen nan. Malam yakan ɗaga notin ya ce mini, “Ga ɗan'uwanki Babarbare, har da zanen gado.” Shekara arba'in ina dariya, ban taɓa tambayarsa me zanen ke nufi ba.

Aka tambayi Oga Ayuba ko akwai dabara. Ya ce walda ba za ta riƙe ba, irin wannan ƙarfe kuma ba a sayar da shi a ko'ina, sai an kai Jos masu sassaƙa ƙarfe da inji su yanka sabo da tiredin hagu. Mako biyu, in an yi sa'a. Ba fanka kuwa motar ba za ta kai bakin titi ba sai ta tafasa.

Rakiya tana tsaye a ƙofar ɗaki da lalle a hannu. Na so ta yi kuka, na so ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya in samu abin riƙewa. Ta zo ta ɗauke fankar daga kan ƙafata, ta duba ko na ji ciwo, ta zare mini tabarau a hankali ta ce, “Ba komai, Kaka. Ki zauna.” Da ƙasa na da ƙofa da na shige na ja sakata.

Alhaji Ari ya daɗe yana juya notin a tafin hannu. Can ya ce, “Hajiya, yarinyar nan cewa ta yi a kai ta a motar, ko cewa ta yi sai motar ta yi kuka?”

Rakiya ta ce, “A kai ni a cikinta na ce, Baba.”

Ya ce, “To, ai tayoyi ba su karye ba. Ina da tarakta.”

Haka aka yi. Ranar Asabar bayan azahar tarakta ta zo daga Adogi, an wanke ta, an ɗaura mata balan-balan a hanci. Aka ɗaure motar Malam a bayanta da igiyar ɗaure shanu. Oga Ayuba ya sa kwat ya riƙe sitiyari, amarya da ƙawayenta biyu a baya. Ni na ce ba zan je ba, ciwon ƙafa nake, aka ce ai shi ya sa za a zaunar da ni a gaba. Muka kama hanyar Shabu da tafiyar hawainiya, hayaƙin tarakta na shigo mana ta taga. Duk jerin motocin biki dole suka bi sawunmu. 'Yan acaɓa suka yi mana rakiya ba gayyata, wani ya leƙo ya ce, “Mama, amarya za a kai ko taki?” Wata mai lemo a bakin hanya ta bi mu da ƙafa, ta sayar, ta ba da canji, ta koma, ba ta ko yi sauri ba.

An san amarya da kuka a hanyar gidan miji. Tamu tun daga kwanar unguwa mayafinta ke girgiza, gwaggonninta na cewa kukan ya yi yawa a rarrashe ta. Ni da ke kusa na san ba kuka ba ne, dariya ce. Da muka tsaya a ƙofar Haruna ta kama hannuna ta cikin mayafi, ta raɗa mini, “Kaka, Baba ya cika alkawari. Ke ce dai kika canja masa direba.”

Yanzu ga yadda kowa ya ƙare.

Oga Ayuba ya kai ƙarfen Jos, bayan mako uku ya dawo da sabo, ya ɗaura fanka da hannunsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Motar na tashi har yau. Na ba shi sifanonin gaba ɗaya, yanzu duk mai tsohon injin nika ko tsohuwar tarakta ƙirar Ingila shi yake nema, har daga Makurɗi. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa har ƙasa, amma na lura in zai buɗe bonet sai ya aike ni ɗebo masa ruwan sha.

Maman Doshima ta ba da labarin nan a kasuwar doya har ya fi doyar tata ciniki. A bakinta bututun ya kai tsawon falwaya, fankar kuma sama ta tashi ta sauka a rufin coci. Ban musa ba, wanda ya faɗi ba ya zaɓen inda za a yi masa dariya.

Alhaji Ari bai taɓa tayar mini da maganar ba, mutumin kirki. Sai dai notin bai dawo da shi ba. An ce yana aljihunsa, in ana gardama a zauren Adogi wani ya rantse cewa da idonsa ya gani, sai ya fito da shi ya ajiye a kan tabarma, ba ya cewa komai.

Rakiya na Shabu da 'ya'ya biyu. Har gobe in ka ce gidan malamin gona ba kowa zai gane ba, amma ka ce gidan amaryar tarakta, ko makaho zai kai ka.

Ni kuwa ga ni nan, na koma fasa kwakwa da dutse. In tsohuwa ta ce muku ta gani da idonta, kada ku ƙaryata ta, ta gani ɗin. Ku dai tambaye ta a ina take tsaye.